Kariya mai aure: abin da na gani bayan damina biyu

A Nuwamban 2023 na tsaya wajen masu sayar da furanni a bakin titi nan Kaduna, sai idona ya faɗa kan wasu 'yan itatuwa masu tumbi cikin baƙar leda, kamar an matse kuka an mayar da ita jaririya. Mai lambun ya ce, "Hajiya, 'yar waje ce wannan." Na duba ganyen na ce, "Malam, ai kariya ce, akwai ta a bayan ɗakin kakata." Ya yi dariya, ya ce ita ce, amma an yi mata aure.

Gaskiyarsa kuwa. Gindin na kariyar da muka sani ne, wadda masana ke kira Adenium obesum, mai fitowa da kanta tun daga Senegal har Sudan da ƙasar Larabawa. Reshen saman ne baƙo, irin wanda manoman furanni na Tailan suka ƙware wajen fitarwa, mai fure ninki-ninki. Ana ganin tabon auren sarai, kamar na mangwaro. Na sayi biyu masu aure, ja da fara, ya ƙara min ta gida ɗaya a matsayin gyara.

Abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba shi ne lokacin furenta. Cikin hunturu ta zubar da ganye, ta tsaya tsirara, har maigidan ya ce an sayar min da itacen girki. Ana shiga Fabrairu sai ga toho a kan kowane reshe. Zuwa Maris, lokacin da komai na tsakar gida ya yi fururu da ƙura, ita ta cika da fure, babu ko ganyen kirki a jikinta. Ruwan da ta tara a tumbinta take ci. Sau ɗaya a mako nake ba ta ruwa a wannan lokaci, wani makon ma in manta.

Inda na ga laifin mai lambun shi ne ƙasar da ya dasa su a ciki: baƙar ƙasa mai danƙo, cike da taki, kuma bai ce min in canza ba. Da rani ba a gane illarta. Da marka ta kama a Agusta, ledar ta ƙi tsanewa, ganyen farar ya fara rawaya. Na taɓa gindin na ji ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen gwanda. Na tumɓuke ta, na yanke ruɓar, na shanya a inuwa kwana biyar, amma aikin gama ya gama. Jar na yi maza na mayar da ita tukunyar ƙasa mai manyan huji, da yashin rafi da dakakken gawayi da ɗan taki kaɗan, na ja ta ƙarƙashin baranda inda rana ke samunta ruwa bai cika dukanta ba. Ta tsira. Ta gidan kuwa, wadda aka ba ni kyauta, ruwan Agusta ya ƙare a kanta ko gezau ba ta yi ba.

Mai aure tana da wani hali: gindin yakan fitar da nasa reshen a ƙasan tabo, in ba a cire shi ba sai ya ƙwace ƙarfin na sama. Akwai kuma wata ƙatuwar tsutsa koriya da ke iya cinye ganyen reshe a dare ɗaya. Da hannu nake tsince ta.

Sai maganar magani, wadda mai lambun ya yi ta nanatawa don in saya. Ba ƙarya ya yi ba, amma rabin zancen ya faɗa. A wasu sassan Afirka ana amfani da ita wajen kashe kwarkwata da kaskar dabbobi, wasu na sa ta a ciwon fata. Sai dai 'yar dangin tumfafiya da kwankwani ce, ruwan jikinta na ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya, shi ya sa maharba suka daɗe suna dafin kibiya da shi, masunta kuma suna kashe kifi. Ni dai ba zan jiƙa ta in sha ba, ba kuma zan ba wani ba. In zan yi mata aski nakan sa leda a hannu, in wanke wuƙar, in kwashe rassan kafin akuya ko yara su iso. Mai ƙananan yara masu kai komai baki ya ɗaga tukunyar sama.

Wanda ke son ya fara, ya fara da ta gida, ya gane hannunta, sannan ya sa kuɗi a mai aure, kuma ya canza mata ƙasa a ranar da ya kawo ta. Bana tawa ta gida ta yi kwanso biyu manne da juna kamar ƙahon sa. Na ɗaure su da zare don kada su fashe iska ta kwashe irin, domin wadda aka shuka daga iri ita ke yin tumbin nan, ta yankan reshe ba ta cika yi ba.