Lee Pro 1000 ko Dillon RL550C?

A Amurka, masu harbin nishaɗi kan sake ɗura kwanson harsashi a gida don rage kashe kuɗi. Cikin injinan wannan aiki, jan nan Lee Pro 1000 na mai ƙaramin ƙarfi ne: gurbi 3 na matakan ɗuri, farantin da ke riƙe kwanso na juyawa da kansa, kwanso na gangarowa ta bututu. Gardamarsa tana wajen saka 'yar hular da ke tayar da wuta; albarushi kaɗan ya zube a wurin, sai ya cije, ka koma share-share.

Shuɗin Dillon RL550C kuwa gurbi 4 gare shi, da yatsa ake juya farantin. Akwai tsada, amma garantinsa na har abada ne. Ni dai gara in jinkirta, in tara kuɗin Dillon.