Wata goma ina biyan kuɗin 247Sports, ga abin da na gani

To ni dai wani abokin aikina ɗan jihar Jojiya ne ya ja ni cikin wannan harka, kullum hirarsa kenan, yaro kaza ya zaɓi makaranta kaza, har na gaji na yi rajista da 247Sports, shafin nan da ke bin diddigin yaran sakandare masu buga ƙwallon Amurka (wadda ake runguma a ruga da gudu ɗin nan fa, ba tamu ta ƙafa ba) tun suna aji har ranar da za su sa hannu a jami'a.

Aikinsu raba taurari ne. Mai tauraro biyar shi ne zakara, kuma yara 32 kawai suke ba wa a shekara, daidai adadin da ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan ƙwallon. Sai su tara makin yaran da kowace jami'a ta kwasa su fitar da jeri, to wannan jerin ne ya riƙe ni gaskiya, don in ka ajiye shi kusa da kuɗin da makarantun ke kashewa wajen zawarcin yaran nan sai ka ga kusan sunaye ɗaya ne a sama. Jami'ar Jojiya ta kashe wajen dala miliyan 4.5 a shekarar kuɗi ta 2022 kaɗai, kocinsu Kirby Smart har helikwafta yake hawa ya dira a makarantar yaro don ya ga wasansa, suka kuma ɗauke kofin jami'o'in ƙasar na 2021 da na 2022 a jere. Ita kuma jami'ar Texas, a ƙarshen mako guda cikin watan Yunin 2022 kusan dala 280,000 ta zuba wa yaran da suka kawo ziyara da iyayensu, otal ne, abinci ne, don Arch Manning, yaro mai tauraro biyar, na cikinsu, kuma ita ɗin ya zaɓa.

Amma fa kar ka ɗauki jerin kamar wahayi. Texas A&M (wata jami'ar ce daban) ta zo ta ɗaya a jerin 2022 da maki mafi yawa da aka taɓa gani, a kakar nan wasa 5 ta ci aka doke ta 7, a Nuwambar 2023 aka sallami kocinta Jimbo Fisher da kuɗin sallama sama da dala miliyan 75. Kai jama'a!

Lissafin kuɗin nan ba a jerin za ka same shi ba, sai ka tono a jaridu. Kuma tun Yulin 2021 da aka halatta wa 'yan wasan jami'a cin kuɗi da sunansu, babban kuɗin aljihun yaro yake shiga kai tsaye, na otal da helikwafta ya zama ɗan canji.

Crystal Ball ɗinsu, inda 'yan jarida ke hasashen inda yaro zai faɗa, akwai daɗin bi da daddare. In kana da jami'a guda da kake mutuwar so, biya. In leƙe kawai kake yi, ɓangaren kyauta ya ishe ka, ni ma can zan koma in wa'adina ya ƙare.