Abincin Mama: mai girki ta unguwa ko odar waya?

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya. Tsakanin biyun da ka ambata, ka riƙa yi mata odar abinci ta waya daga Abuja ko ka samu wata a unguwarsu a Zariya ta riƙa girka mata, ni ba na ko tantama: nemi mai girki ta unguwa.

Haka muke yi wa Gwaggona a unguwar Gwammaja da ke Kano tun da ciwon gwiwa ya raba ta da murhu. Wata baiwar Allah ce maƙwabciyarta, da ma tana tuwon sayarwa da yamma. Muka zauna da ita muka yi magana ta fahimta: shinkafar tuwo, wake da mai mu ke saya mu ajiye mata, kuɗin cefane duk sati, ladan girki kuma ƙarshen wata. Sharaɗinmu ɗaya ne, ta ɗebi miyar Gwaggo a ƙaramar tukunya kafin ta zuba gishiri da dunƙule a ta sayarwa. Gwaggo na da hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mutane na mantawa dunƙulen nan ma yawancinsa gishiri ne.

Da safe kunun gyaɗa ne ko koko da alala. Da rana faten tsaki mai yawan ganye, wani lokaci faten wake. Da dare tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, naman kuma sai ya dahu ya saki har ana iya murje shi da yatsa, tunda haƙoran sun yi sallama. Ta san Gwaggo na azumin Litinin da Alhamis, don haka a ranakun ba ta aika na rana, sai gab da magariba 'yarta ta shigo da kunun tsamiya da ɗan farfesu. Ba mu muka faɗa mata ba, ita ta lura.

Amma abin da ya sa nake yi wa matar nan addu'a kullum wani ne daban. Wata rana kular rana ta dawo mata yadda ta tafi, ko murfin ba a buɗe ba. Ta bar tukunyarta a kan wuta, ta yafa mayafi ta shiga gidan. Ta tarar da Gwaggo a ƙudundune cikin bargo, jikinta zafi zau, ko hannu ta kasa miƙawa ta ɗauki waya. Nan take ta kira mu, kafin mu iso har ta samo mai adaidaita. Zazzaɓin cizon sauro ne, kuma Allah ya sa an kama shi da wuri. Tsohon da ke zaune shi kaɗai yana buƙatar idon da zai gan shi sau uku a rana kamar yadda yake buƙatar abincin, kuma mai girki ta unguwa tana kawo duka biyun.

Odar waya kuwa tana da ranarta, ba zan hana ta ba: ranar da mai girki ta tafi biki ko ta kwanta rashin lafiya. Bayan wannan ban ga abin yabo ba. Abincin gidajen sayarwa na matasa ne, soyayyiyar shinkafa, mai, yaji da gishiri. Ɗan aike zai tsaya a bakin titi yana neman kwatance a waya, Mama kuma tana can cikin lungu, ƙila ma ba ta ji ƙarar wayar ba. Kowane zuwa da kuɗin kawowa. Manyan manhajojin odar abinci irin su Chowdeck da Glovo ƙarfinsu a Legas da Abuja yake, kuma kamfani kan tattara ya tafi, kamar yadda Jumia Food da Bolt Food suka rufe harkar abinci a Najeriya a Disambar 2023. Idan kuma Mama na shan maganin ciwon suga ko tana allurar insulin, jinkirin abinci ba ƙaramin abu ba ne, suga na iya faɗuwa har mutum ya suma.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa: ka yi hattara da masu tallan abinci a Instagram da WhatsApp. Akwai na kirki a cikinsu, akwai kuma masu ɗora hoton girkin da ba nasu ba, su ce a tura kuɗin wata guda gaba ɗaya, su kawo na kwana biyu mai kyau, daga nan sai ɗumamen miyar jiya, daga baya waya a kashe. Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu rubuta "abincin masu ciwon suga" a jikin roba su ninka kuɗi, wasu har da garin da wai yana warkar da ciwon kwata-kwata. Duk wanda ya ce Mama ta ajiye maganin asibiti saboda garinsa, ka guje shi. Ita ma mai girki ta unguwa kada ka damƙa mata kuɗin wata uku a dunƙule, ko da 'yar'uwa ce, don kuɗi a hannu kan sa a fara rage nama.

Ka tambayi matan maƙwabta ko matar limamin unguwa, su suka san wace ce mai tsafta da amana. Idan ka je Zariya ka shiga gidan da kanka, ko ka tura ƙanwarka ta ga madafar da ruwan da ake girki da shi. Ku fara da gwajin sati ɗaya. Ka sayi kula mai riƙe zafi saiti biyu, ɗaya na wajen Mama ɗaya na wajen wanki, kuma a daina barin dafaffen abinci a buɗe fiye da awa biyu, balle da zafin bazara. Ka rubuta wa mai girkin abin da likita ya hana, ka bar mata lambar wayarka da ta wani na kusa. Sannan ka riƙa kiran Mama a daidai lokacin cin abinci ka tambaye ta me aka kawo, ta kuma ci nawa, domin tsofaffinmu da kawaici, ko tuwo ya zo da gudaji cewa za su yi lafiya lau.