Makirfo biyu, fayil biyu: a haɗe su sitiriyo ko a bar kowane a layinsa?

Wani ɗan'uwa daga Ƙaura Namoda ya jefo tambaya a zaurenmu na masu sitidiyo. Ya ce ya ɗauki makaɗan kotso da 'yan amshinsu a gidan biki da makirfo biyu ta Scarlett 2i2, akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, da ya dawo ya buɗe kwamfuta sai ya tarar da fayil biyu, kowane mono, wato sauti mai hanya ɗaya, babu hagu babu dama. Haka ma fiyanonsa na Yamaha, da ya jona masa waya biyu, ya fito a layi biyu. Abin da yake son sani shi ne wanne ya fi: ya haɗe su su zama fayil ɗaya na sitiriyo, mai ɗauke da hagu da dama tare, ko ya bar su yadda suke ya tura ɗaya hagu ɗaya dama? Amsoshin da suka biyo baya sun rabu gida biyu, kowa na yabon hanyar da hannunsa ya saba da ita. Malam, ga yadda nake kallon abin.

Akwai tambayar da ta riga taka: waɗannan fayil biyu tagwaye ne da gaske? Ana samun sitiriyo ne idan makirfo biyu suka saurari abu ɗaya, a lokaci ɗaya, daga wurare biyu. Idan ɗaya yana bakin shugaban makaɗa, ɗayan yana gaban 'yan amshi, to murya biyu ce daban. Ka haɗe su, shugaba zai tare a kunnen hagu shi kaɗai, amshi ya koma dama, wanda ya maƙala abin kunne guda ɗaya yana tuƙa babur kuwa rabin waƙa zai ji. Irin wannan kowane ya zauna a layinsa, shugaba a tsakiya. Haka mai kwafar layi ɗaya ya mayar da shi biyu ya watsa hagu da dama, bai samu komai ba sai ƙarin ƙara da ninkin nauyin fayil, domin abin da ke hagu shi ne a dama, kunne kuma a tsakiya zai ci gaba da jin sa. Fayilolin da aka ɗauka da wayar hannu biyu su ma ba tagwaye ba ne, saboda agogon da ke cikin kowace na'ura daban yake bugawa. A farkon waƙa suna tare, kafin doguwar waƙa ta ƙare sun zame wa juna. Naka daga akwati ɗaya suka fito, wannan ba ta shafe ka ba.

Hanyar haɗewa ba ta da wahala. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce kuma da yawanmu da ita muka fara, za ka jera layukan biyu ɗaya a kan ɗaya, ka buɗe jerin umarnin da ke jikin sunan na sama, ka zaɓi Make Stereo Track. Na sama shi ne zai zama hagu, na ƙasa ya zama dama. In ka ga sun juye, Swap Stereo Channels na nan a wuri ɗaya. A Cubase Pro kuwa ka zaɓi layukan, ka shiga Project, Convert Tracks, sannan Mono to Multi-Channel. Masu Pro Tools su kan ɗauko guntayen biyu tare su ajiye a kan layin sitiriyo, muddin tsawonsu ɗaya ne.

Ɗaya hanyar ita ce ka bar layukan biyu, ka murɗa Pan, maɓallin tura sauti hagu ko dama, na ɗaya zuwa hagu, na ɗayan zuwa dama, sannan ka zuba su duka cikin layi na uku wanda zai riƙe ragamarsu. A FL Studio za ka ba kowane fayil gurbinsa a mikisa, ka zaɓi gurbin, ka danna dama a kan 'yar kibiyar da ke ƙasan wani gurbi da babu komai, ka zaɓi Route to this track only. A Cubase sunan wannan layi na uku Group Channel. A Reaper ya fi ko'ina sauƙi, domin jefa su kawai za ka yi ƙarƙashin folda ɗaya.

Idan ka murɗa ɗaya hagu har ƙarshe, ɗaya dama har ƙarshe, ba ka taɓa komai ba, to sautin da zai fito daga hanyoyin biyu iri ɗaya ne. Duk wanda ya ce maka ɗaya ta fi ɗaya kauri, ya duba ko ƙarar ce ta bambanta. Nauyin fayil ma haka: mono na 48 kHz da bit 24 yana cin kusan MB 8.6 a minti ɗaya, sitiriyo kusan 17.3, wato mono biyu ke nan cif. Bambancin yana ga abin da za ka iya yi bayan nan, da kuma irin ɓarnar da kowace hanya ke barin ka ka yi.

Inda layi biyu ya fi ƙarfi shi ne gyaran jinkiri, kuma a nan nake son ka tsaya da kyau, domin shi ne ke kashe yawancin ɗaukar da ake yi a filin biki. Sauti tafiya yake yi a iska. A zafin ƙasarmu, idan ma'auni ya kai 35, yana cin kusan mita 352 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan idan makirfo na dama ya fi na hagu nisa da kotso da santimita 35, bugun zai iso shi a makare da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A abin kunne ba za ka ga laifinsa ba, har daɗi zai yi maka, domin wannan jinkirin na cikin abin da ke ba da faɗi. Amma da zarar an cusa hagu da dama cikin lasifika guda, sai su fara cin juna: sautin wajen 500 Hz ya dusashe, haka na 1500, haka na 2500, ganga ta koma holoƙo, muryar mawaƙi ta rasa jiki. To ka tuna da me mutanenmu ke sauraro. Ƙaramar waya mai lasifika ɗaya, da 'yar sifikar Bluetooth ta mai shayi, da rediyo. Duk mono ne.

Idan layukan a rabe suke, sai ka zuƙo hoton sautin sosai a kan bugu ɗaya mai kaifi, inda hannu ya sauka a fatar kotso. Za ka ga layin sama ya tashi tsaye, na ƙasa bai tashi ba sai can gaba kaɗan. A 48 kHz, inda ake yanka kowace daƙiƙa ɗigo dubu 48, wancan jinkirin ɗigo 48 ne kacal. Ka ja na ƙasa baya har goshinsu ya daidaita, ka saurara a mono, ka ji yadda ƙasan gangar ya dawo. Ba dole ka daidaita komai da komai ba, kuma ba zai yiwu ba ma, tunda makaɗa a warwatse suke zaune, abin da ya daidaita wa na tsakiya ba zai daidaita wa na gefe ba. Ka zaɓi abin da waƙar ta dogara a kai, galibi muryar shugaba, ka daidaita a kansa. A fayil ɗin da aka riga aka haɗe, wannan aiki sai ka sake raba shi ko ka nemo filogi, wato 'yar manhajar da ake ɗorawa a kan layi, mai jinkirta ɓangare ɗaya.

Akwai kuma wata cuta da ke kama da wannan amma ta fi ta muni: wayar makirfo da aka gyara a kasuwa, mai gyara ya liƙa ƙafa ta 2 a gurbin ta 3. Makirfo zai yi aiki lafiya lau shi kaɗai, sai dai igiyar sautinsa a kife take. A hoto za ka ga inda na sama ya haura, na ƙasa ya gangara. Ka haɗa su a mono, duk abin da ke tsakiya ya kusan ɓacewa. Maganinsa danna maɓalli ɗaya ne mai juya igiya a kan layi guda, a Audacity kuma Invert. Wannan ma a layi biyu ya fi saurin ganowa.

Sai batun faɗi. Da layi biyu kana iya tsayar da ɗaya a kashi 60 hagu, ɗaya 60 dama, makaɗan su matso kusa da juna, tsakiya ta cika. A layin sitiriyo kuwa, maɓallin Pan da yawancin manhajoji ke fara ba ka ba ya matsar da komai, rage ƙarar ɓangare ɗaya kawai yake yi. Ka murɗa shi dama, mai kurya da ke zaune hagu sai ya shuɗe maimakon ya matso. Ana iya canja wannan, Cubase na da Stereo Combined Panner, Reaper na da Dual Pan, amma sai ka san suna nan.

Yanzu ɓangaren da haɗewa ta yi wa rabewa fintinkau. Na farko yanka. Waƙar biki cike take da abin cirewa: maroƙi ya shigo, janareto ya yi tari, wani ya bugi sandar makirfo. Duk inda ka yanka a layi ɗaya dole ka yanka a ɗayan a daidai wannan ɗigo. Ka manta sau ɗaya, ko linzami ya ɗan ja guntu ɗaya ba ka lura ba, daga nan zuwa ƙarshen waƙa jinkirin da ka sha wahalar gyarawa ya dawo da ƙari. Ana iya ɗaure layukan su riƙa yankuwa tare, amma fayil ɗaya ba ya ma buƙatar ɗauri. Haka idan za ka ja tsawon waƙa ko ka gyara saurinta, yin hakan ga kowane layi shi kaɗai yana ɓata dangantakar da ke tsakaninsu.

Na biyu kwamfiresa, mai danne sauti idan ya yi ƙarfi, kuma wannan kuskure ne da nake yawan gani a ayyukan da ake turo min. Mutum zai sa kwamfiresa ɗaya a layin hagu, wani a layin dama. Mai ganga na hagu ya doka da ƙarfi, kwamfiresan hagu ya danne, na dama bai san abin da ake ciki ba, sai muryar shugaba da ke tsakiya ta karkata dama na ɗan lokaci ta dawo. Waƙa gaba ɗaya mawaƙi na lilo. A layin sitiriyo kwamfiresa ɗaya ne ke danne ɓangarorin biyu tare. Sai dai gaskiya wannan ba laifin layi biyu ba ne. Ka sa kwamfiresa da EQ, mai gyara kauri da kaifin sauti, a kan layi na uku da ka zuba su ciki, matsalar ta kau.

Na uku aikawa. Idan za ka tura aikin Kano ko Kaduna a haɗa maka, fayil ɗaya mai suna ɗaya ba ya rikita kowa. Fayil biyu kuwa, in ba ka rubuta L da R a ƙarshen sunansu ba, wanda ya karɓa zai iya ɗaukar su kayan kiɗa biyu ne daban ya ajiye su duka a tsakiya.

Ga fiyanonka, ka haɗe kai tsaye. Sautin ta waya ya zo, bai ratsa iska ba, babu jinkirin da za ka gyara. Abu ɗaya za ka duba: manyan fiyanon Yamaha samfurin PSR suna da rami biyu, L/L+R da R. Idan na farko kaɗai aka jona, fiyano da kansa yake cusa ɓangarorin biyu a ciki ya ba ka mono, don haka ka tabbata wayoyin biyu sun shiga kuma hoton layukan ya ɗan bambanta.

Ga kotso kuwa, ni ba zan haɗe da wuri ba. Ka fara da layi biyu a ƙarƙashin na uku, ka duba juyewar igiya, ka daidaita jinkiri, ka daidaita ƙarar ɓangarorin tunda da wuya maɓallan gain biyu, masu saita ƙarfin kowane makirfo, su tsaya wuri ɗaya a cikin hayaniyar biki, ka zaɓi faɗin da kake so. Ka gwada a mono: Reaper na da maɓallinsa a kan masta, wato layin da dukkan sauti ke taruwa ya fita, a FL Studio kuma ka murɗa Stereo separation na masta zuwa dama har ƙarshe. Idan ya tsaya da ƙafafunsa, sai ka fitar da layi na uku a matsayin WAV na sitiriyo, ba tare da kwamfiresa ko amo ba, ka dawo da shi cikin aikin, a kansa za ka yi yanka da sauran kwalliya. Na asali biyun ka kashe muryarsu ka ɓoye, kada ka goge.

A biki na gaba kana iya rage wa kanka rabin wannan aiki tun a filin. Ka gicciye kawunan makirfo biyu iri ɗaya a wuri guda, kusurwa 90 tsakaninsu, yadda sauti zai iso su lokaci ɗaya. Wannan tsari ya samo asali ne daga aikin Alan Blumlein, injiniyan EMI a Ingila da ya yi rajistar fasahar sitiriyo a 1931, kuma shi ne ya fi jure mono. In kana son faɗi fiye da haka, akwai tsarin ORTF na gidan rediyon Faransa, santimita 17 tsakanin kawunan, kusurwa 110. Sannan a manhaja, wajen zaɓen mashiga, ka ɗauki 1 da 2 a haɗe daga jerin sitiriyo maimakon kowane shi kaɗai. Amma in shugaban makaɗa ya dage sai ya riƙe makirfo ɗaya a hannu yana zagaya masu liƙi, ka bar shi a mono, ka kafa ɗayan gaban 'yan amshi.