Injin Yamaha Enduro 40 a ruwan Sakkwato: ƙarfinsa da abin da ke kashe shi

Masu manyan jiragen ruwa na alfarma suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi: duk shekara jirgi zai ci kusan kashi goma cikin ɗari na kuɗin sayensa a mai, gyara da albashin ma'aikata. Mai shirin ɗora inji a kan kwale-kwalensa a Gulbin Rima ko dam ɗin Goronyo ya riƙe wannan lissafin, domin a nan ma ɗawainiyar inji ta fi sayensa wuya.

Injin da muke dubawa shi ne Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, samfurin E40X, wanda aka san shi a hannun matuƙa daga nan har Yawuri. Silinda biyu gare shi, girmansa cc 703, nauyinsa ya ɗan haura kilo 70, da igiya ake tayar da shi, da hannu ake tuƙa shi. Ba ya buƙatar batir, babu kwamfuta a cikinsa, kuma kafiretansa makanikin da ya ƙware a babur zai iya kwancewa ya wanke. Wannan sauƙin shi ne babban dalilin da ya sa muke ganin ya dace da mu. Inji mai aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa ya fi shi tsimin mai nesa ba kusa ba, amma ranar da ya tsaya a Wurno ko Silame, sai an ɗauke shi zuwa wani gari.

Inda ake yawan cutar da shi shi ne wajen haɗa mai. Irin injin nan ne da ake gauraya baƙin mai a cikin fetur, ba shi da wurin zuba baƙin mai daban. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur: jarka mai lita 25 tana son rabin lita, mai lita 20 tana son mililita 400. Sabon inji kuwa, a awa goma na farko, ninki biyu ake zuba masa, wato lita ɗaya cikin lita 25. A wannan lokacin ana barinsa ya yi minti goma yana aiki a hankali, a cika awar farko ba a wuce rabin totur ba, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kada a buɗe shi gaba ɗaya fiye da minti biyar a jere sai ya cika awa goman. A nemi baƙin mai mai alamar TC-W3 a jikin gwangwani, shi aka yi wa injin da ruwa ke sanyaya shi. Baƙin man mota ba ya ƙonewa yadda ya kamata, yana tara toka a kan fistin da fulogi, zoben fistin ya laƙe, ƙarfin inji ya ragu. Wanda ya rage ma'auni don tsimi kuma, inji zai yi zafi ya kama, kuɗin gyaran ya ninka abin da aka adana sau da yawa. A fara zuba baƙin man a tanki da ɗan fetur, a girgiza, sannan a cika.

Abu na biyu, kuma a ganinmu shi ne ainihin matsalar yankinmu, yashi ne. Injin yana zuƙar ruwan kogi ta wasu 'yan ramuka a ƙafarsa, wato sashen da ke shiga cikin ruwa, wata roba mai fuka-fukai da makanikai ke kira imfela ta tura ruwan sama ya zagaya silinda. Da damina ruwan Rima ja ne, cike da laka da rairayi, da rani kuma ya janye har ƙafar inji tana sharar ƙasa. Duk biyun suna cinye robar nan. Alamarta ita ce ɗan siririn ruwan da ke fita ta gefen inji. Matuƙi ya saba da waiwayawa yana dubansa. In ya raunana ko ya ɗauke, a kashe inji nan take, a ɗaga ƙafar, a cire leda ko ciyawar da ta toshe ramukan, a tsokaci bakin mafitar da siririyar waya. In bai dawo ba, imfela ta tafi. A ruwa irin namu kada a bar ta ta wuce shekara ba a canza ba, kuma a ajiye wata a cikin jirgi. Tayar da inji a tudu babu ruwa, ko da na daƙiƙa kaɗan ne don a nuna wa mai saye yana aiki, yana ƙona ta. Mai sayen na hannu ya kula da wannan sosai.

Man giyar ƙafa bai kai rabin lita ba, lamba 90 ake zubawa, ana canza shi bayan kwanakin farko sannan duk awa 100. Ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya fito ta na sama, a toshe na saman kafin na ƙasan. In tsohon ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, kuma galibi zaren masunta ne ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Cire farfela a duba bayanta aikin minti biyar ne.

Kafin saye a auna tsayin allon bayan jirgi. Injin yana zuwa da gajeriyar ƙafa ta allo mai inci 15 da doguwa ta inci 20. Farantin da ke saman farfela ya zo daidai da gindin jirgi ko ƙasa da shi kaɗan. In ya yi sama, farfela za ta riƙa kama iska, inji ya yi ta ƙara jirgi ba ya tafiya. In ya yi ƙasa sosai, mai ake ƙonawa a banza, ga bugun yashi. Kwale-kwalen katako kuma sai an ƙara wa bayansa kauri da ƙarfe, ba a dogara da maɗaurin injin kaɗai ba, a haɗa da sarƙa ko igiya.

Aibinsa a fili yake. Yana shan mai: in an buɗe shi duka yana kusantar lita 20 a awa ɗaya, shi ya sa gogaggun matuƙa ke tsayawa wajen kashi uku cikin huɗu na totur. Yana hayaƙi, yana ƙara. Kasuwa kuma cike take da jabun fulogi da imfela masu ɗauke da sunan kamfanin. Ga mai ƙaramin kwale-kwale na zuwa fadama ko ɗauko albasa daga tsallake, doki 40 ya yi yawa, ɗan'uwansa mai doki 15 ya wadatar, kuma mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa ya kai gida.

Akwai abin da ƙarfin inji ke jawowa wanda ba za mu yi shiru a kai ba. Jirgin da a da wahalar tuƙi da sanda ke hana a cika shi, da an sa masa doki 40 sai a ga yana tafiya ko an loda masa mutane, babura da buhuna, har ruwa ya kusa bakinsa. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta 2025 da jirgin da ya kife da mutane a hanyar kasuwar Goronyo. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta rigar kariya ga kowane fasinja, ta kuma hana tafiyar dare. Igiyar kashe inji, jar nan da ke zuwa tare da shi, a ɗaura ta a hannu ko a ƙugu, don in matuƙi ya faɗa ruwa inji ya mutu nan take. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi rigunan kariya adadin kujerun jirginsa ba, ya dakata da sayen injin tukuna.