Tablet sabuwa ko laptop ta hannu? Ki ɗauki laptop

Ƙanwata, tunda koyon kwamfuta kike so, bar tablet ɗin nan da kika gani a kwali, ki ɗauki laptop ko da ta hannu ce.

Tawa ThinkPad T480 ce, ƙirar 2018, baƙa ƙirin, ba ta da wani kyau. Wata rana ɗan yayata ya ture mata kofin shayi a kan madannai. Na kashe ta nan take, na kife ta a kan tabarma, ta kwana ta wuni. Da na kunna, sai ta tashi lafiya lau, illa harafin G da ya ɗan riƙa mannewa saboda sukari. Batir biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya ana cirewa, don haka idan wuta ta tafi da tsakar rana ni dai aikina nake ci gaba. Zafin watan Afrilu na Damagaram ma ta shanye shi, muddin ba a ɗora ta kan katifa an toshe mata ƙofar iska ba.

Tablet ina da ita, yara ke kallon katun da ita. Waya ce da ta yi ƙiba, ba za ta koya miki Word da Excel yadda ake tambaya a wurin aiki ba.

Ki duba madannai kafin ki biya. Waɗanda ake kawowa daga Kano galibi QWERTY ne (haruffan da layin sama ya fara da su ke nan), na Ingilishi. Masu zuwa daga ƙasashen Faransanci AZERTY ne. Idan Faransanci za ki riƙa rubutawa, AZERTY ta fi miki sauƙi saboda é da è da ç suna nan a fili, sai dai lambobi kan nemi ki danne Shift. Ranar da kika danna A sai Q ya fito, ba aljanu ba ne, kar ki nemi rubutun sha. Tsarin madannai ne ya sauya, ki danna maɓallin Windows tare da dogon nan na ƙasa ki mayar da shi.

Sai masu sayarwa, ko a Kasuwar Dole ko a WhatsApp. Akwai na kirki, akwai kuma wanda zai liƙa takardar Core i7, wato ƙwaƙwalwar na'ura mai ƙarfi, a jikin tsohuwar i3 mai ƙaramin ƙarfi ya rantse miki. Takarda ba ta aiki, ki sa ya buɗe Paramètres, Système, ki karanta da idonki abin da na'urar ta faɗa game da kanta. Ki nemi RAM 8 GB, wato wurin da take riƙe aikin da take kai, da SSD 256 GB, wato ma'ajiyar fayiloli. Ƙwaƙwalwar ta zama Intel ta zubi na 8 ko sama, irin i5-8250U, domin daga nan Windows 11 ke karɓa, Windows 10 kuwa Microsoft ta ajiye kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025. Ki ce ya zare caja ku zauna kuna hira. Idan ya fara cewa "ai yanzu na sa ta, ba ta cika ba", batirin ya mutu, ki yi masa sai an jima. Wadda ke tambayar kalmar sirri tun kafin Windows ta buɗe ma ki bar masa kayansa.

In kin kawo ta gida, ki saba da danna Ctrl da S don adana aiki kamar salati, kar rubutun yini guda ya tafi. Saƙon da ya ce kin ci iPhone, ba ki ci komai ba, rufe shi. Kar ki sa 1234 ko ranar haihuwarki a matsayin kalmar sirri, duk gidanku sun sani. In ta ƙame, kashe ki sake kunnawa kafin ki kira kowa. Rabin abin da masu gyara ke karɓar jika a kai ke nan.

In ba ki samu T480 ba, HP EliteBook 840 G5 ko Dell Latitude 7490 sa'o'inta ne. Ki tafi da wanda ya san kan abin, kuma ki sa a rubuta miki rasit da lambar na'urar a jiki.