Wane mataki ya kamata ka biya a manhajar ƙirƙirar hoto?

Mutane da yawa suna zaton hotuna suke saya. A Midjourney kuwa, manhajar da ke ƙirƙirar hoto daga umarnin da ka rubuta mata, lokaci ake sayar maka, wato awannin da manyan kwamfutocin kamfanin za su yi suna maka aiki cikin gaggawa. Matakan huɗu ne: Basic dala 10 a wata, Standard 30, Pro 60, Mega 120.

Basic awa uku ne da 'yan mintoci, abin da zai ishe ka aiki kamar sau 200. Ka ga kamar da yawa ko? Bari ka fara tukuna. Hoto mai kyau ba kasafai yake fitowa a karon farko ba. Hannu ya zo da yatsu shida, ka sake. Fuska ta karkace, ka sake. Kafin ka ankara ka ƙona goma a kan abu guda. In kuma ka yi tsimi, ragowar ba ta bin ka zuwa wata mai kamawa. Wannan matakin na ɗanɗano ne.

A ganina ainihin cinikin yana Standard. Awa 15 na gaggawa ba su ne abin kallo ba, Relax ne: ka shiga layi, ka ɗan jira, amma babu mai ƙirga maka. Mai koyo ko mai yawan gwaji, nan ne hankalinsa zai kwanta.

To me zai kai mutum Pro? Sirri. Duk abin da ka ƙirƙira a matakan ƙasa yana iya bayyana a bainar jama'a a shafin kamfanin, har da umarnin da ka rubuta. Sai daga Pro ake samun Stealth, mai ɓoye aikin. Mai zana wa wani tambarin kayan da ba su fito kasuwa ba, ba shi da zaɓi. Haka kamfanin da kuɗin shigarsa ya haura dala miliyan 1 a shekara, sharaɗi ne ya ɗauki Pro ko Mega. Shi Mega awa 60 ne, na masu aiki ba dare ba rana.

Biyan shekara guda na rage kashi 20 cikin 100, sai dai kada araha ta ɗaure ka tun ba ka san yawan aikinka ba. Yi wata biyu kana duba awannin da ka ci. Kuma in dama kana biyan ChatGPT Plus dala 20, gwada zanensa tukuna, wataƙila ya ishe ka.